KIWON KIFIN TEKU DA MURJANI A ƘARAMIN AKWATIN GILASHI

Gabatarwa

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Manoma da yawa suna da tafkunan tarwaɗa da ƙarfasa, a wasu gidaje da ofisoshi kuma akan ga akwatin gilashi da 'yan kifayen ado suna iyo a ciki. Kusan dukan waɗannan kifin ruwan daɗi ne, watau na kogi da tafki. Akwai kuma wani irin kiwo dabam, inda mutum yakan haɗa ruwan gishiri irin na teku a cikin akwati, ya zuba kifin teku da murjani mai rai da wata halitta da ake kira furen teku. Kiwo ne mai ƙayatarwa ƙwarai, amma mai tsada, kuma kuskure kaɗan yakan hallaka duk abin da ke cikin akwatin a dare ɗaya.

An shirya wannan ƙasida ne domin wanda yake da niyyar farawa ya san abin da zai fuskanta tun bai kashe kuɗinsa ba. Babban darasin da ke cikinta guda ne: ba a cika akwatin teku a rana ɗaya. Ana zuba halittun ne daki-daki cikin watanni, kowace sai ruwa ya isa ɗaukarta.

Mene ne Murjani da Furen Teku?

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, jan abin adon nan da mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda kuma sarakunan Binin ke ado da shi. Asalinsa ƙashin wata dabba ce da ake cirowa daga ƙarƙashin Bahar Rum. Murjanin da ake kiwo a akwati danginsa ne. Ga ido kamar tsiro yake ko dutse, amma tarin ƙananan dabbobi ne, kowace da baki a tsakiya da 'yan yatsu kewaye da shi. Wasu irinsu sukan gina wa kansu gida na farar ƙasa mai tauri, 'ya'ya su gina a kan na iyaye, har bayan dubban shekaru a sami tsauni a ƙarƙashin ruwa. Mafi girman irin wannan tsauni yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Tsaunukan murjani duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi 25 cikin 100 na ire-iren halittun teku a wurinsu suke samun abinci da mafaka.

Alhazan da, waɗanda suka bi ta ƙasa har Sawakin ko Fot Sudan suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda, ta kan irin waɗannan tsaunuka jiragensu suka ratsa. Gaɓar tekun Nijeriya kuwa, duk da tsawonta na kilomita 853, ba ta da su, domin Kwara da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi cikin teku, murjani kuwa sai ruwa garau mai cikakken gishiri. Saboda haka duk abin da mai kiwo zai saya daga nesa ake kawo shi, galibi daga Indunusiya da Filifin, kuma yakan iso a galabaice bayan doguwar tafiya cikin leda.

Furen teku ɗan'uwan murjani ne, amma shi dabba ɗaya ce babba, ba ta da ƙashi. Yana da ƙafa guda da yake manne wa dutse da ita, da yatsu masu harbi da yake kama abinci da su. A cikin naman yawancin murjani da furen tekun da ake kiwo akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Ita ce take sarrafa haske ta samar musu da mafi yawan abincinsu, su kuma su ba ta wurin zama. In zafi ya yi yawa ko haske ya gaza, sai wannan zama ya ɓaci, dabbar ta yi fari fat, in ba a gyara ba yunwa ta kashe ta.

Akwati da Ruwa

Akwatin da bai wuce lita 100 ba shi ake kira ƙarami. Mutane sukan zaci ƙarami ya fi sauƙi. Ya fi araha dai, amma ya fi wuyar riƙo, domin ruwa kaɗan ba ya jimre wa canji: kifi ɗaya ya mutu a ɓoye, ko rana ta bugi gilashin na awa biyu, sai ruwan duka ya gurɓace. Ana ba mai farawa shawara kada ya yi ƙasa da lita 75. A ajiye akwatin a kan teburi mai ƙarfi, nesa da taga, domin akwatin lita 80 da ruwansa da duwatsunsa ya haura kilo 100.

Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya wannan aiki. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa domin akwatin teku, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Akwatin lita 80 zai ci kusan kilo 3. Ruwan da za a dama shi da shi sai tatacce sarai. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuma da ƙarafa iri-iri, tagulla kuwa ko kaɗan ce tana kashe murjani da katantanwa. A dama ruwan a bokiti mai tsabta da sabulu bai taɓa shiga ba, a bar shi ya kwana kafin a zuba.

Abubuwan da za a riƙa aunawa su ne waɗannan:

1. Gishiri: ma'aunin nauyin ruwa ya nuna tsakanin 1.024 da 1.026.
2. Zafi: digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas.
3. Tsami: ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 8.1 da 8.4.
4. Kalsiyam: miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita.
5. Amoniya da naitirayit: kada a ga ko ɗigo.

A lura da wani abu da yakan ruɗi masu farawa. Kullum ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan. Don haka in ruwan akwati ya ragu, da ruwan daɗi tatacce ake cika shi. Wanda ya cika da ruwan gishiri zai tarar gishirin yana hauhawa har ya fi ƙarfin dabbobin. Ban da wannan, kowane mako a kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan, a maye gurbinsa da sabon ruwan gishiri.

Sauran kayan aiki su ne famfon da zai riƙa motsa ruwa dare da rana, da fitila mai ƙarfi irin wadda aka yi domin murjani, a kunna ta awa 8 zuwa 10 a yini, da ma'aunin zafi, da magungunan gwajin ruwa.

Mataki na Farko: Raya Ruwa

Kashin kifi da ragowar abinci sukan ruɓe su zama amoniya, guba mai ƙona gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su. A teku akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mai da amoniya ta zama naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mai da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke ragewa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai an rene su.

Mazauninsu shi ne dutse mai kafofi da yawa da ake jerawa a cikin akwati, wajen kilo 1 ga kowace lita 10. Bayan an jera dutse an shimfiɗa yashi an zuba ruwa, sai a jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe, a riƙa gwada ruwan bayan kwana biyu ko uku. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, sa'an nan naitirayit ya hau ya sauka. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai ma'auni ya nuna babu su duka biyu kafin a sa wani abu mai rai. A wannan lokaci gansakuka mai ruwan ƙasa za ta rufe dutse da gilashi. Kada a damu, alamar sabon akwati ce, za ta wuce. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to a nan dutsen ne da kansa ake jira ya nuna.

Mataki na Biyu: Masu Shara

Waɗanda za su fara shiga su ne katantanwar teku da 'yan ƙaguwa ƙanana masu zama cikin ƙwaryar katantanwa. Aikinsu cin gansakuka da tsince ragowar abinci. Katantanwa 5 ko 6 da ƙaguwa 2 ko 3 sun isa akwatin lita 80 da farko. In aka yi musu yawa, abinci zai ƙare su mutu da yunwa. A zuba wa ƙaguwar ƙwarya wofi 'yan kaɗan, in ba haka ba za ta kashe katantanwa ta gaje gidanta.

Mataki na Uku: Kifi

Bayan mako biyu da shigar masu shara, in ruwa bai canza ba, sai a kawo kifi. Akwatin lita 80 ba ya ɗaukar fiye da ƙananan kifaye uku, in an matsa huɗu. A sa ɗaya ko biyu, a dakata mako biyu zuwa uku domin ƙwayoyin bakteriya su ƙaru daidai da sabon nauyi, sa'an nan a ƙara. Mai sanyin hali ake fara sawa, mafaɗaci daga ƙarshe.

Tun da 'yan kasuwar duniya da sunayen Latin suke sanin waɗannan halittu, za mu ambaci wasu domin mai saye ya san abin da zai nema.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne Amphiprion ocellaris, ɗan kifi mai ruwan lemo da farin ɗamara uku, wanda sunansa na Turanci ke nufin wawan sarki. Yara da yawa sun san shi a majigin Finding Nemo na shekarar 2003. Tun farkon shekarun 1970 aka fara ƙyanƙyasarsa a jihar Fulorida ta Amurka, kuma wanda aka ƙyanƙyashe a gona ya fi wanda aka kamo daga teku juriya da saurin karɓar abinci. Wani abin mamaki game da shi, duk wanda ya fi girma da ƙarfi a garke shi ke rikiɗa ya zama mace. Saboda haka a sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, da kansu za su daidaita su zama miji da mata. In ya sami kulawa yakan haura shekara 10.

Na biyu shi ne Cryptocentrus cinctus, ɗan rawayan kifi mai zama a ƙasa. Yakan yi zaman tare da wani jatan lande mai raunin gani: jatan landen ya haƙa rami, kifin ya tsaya gadi a bakin ramin, in ya ga haɗari ya kaɗa wutsiya su shige tare. Na uku shi ne Pterapogon kauderni, daga tsibiran Banggai na Indunusiya, wanda namijinsa ke ɗaukar ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Yawan kamunsa ya sa a shekarar 2007 aka shigar da shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, don haka kada a sayi wanda ba ɗan gona ba.

Akwai kuma waɗanda za a guje wa komai kyansu. Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, amma yakan kai santimita 30, kuma yana bukatar filin gudu. Kifin da ake kira mandarin ƙananan ƙwarin dutse masu rai yake ci, ƙaramin akwati kuwa ba ya wadatar da shi, a hankali zai rame ya mutu. Yawancin kifin malam-buɗe-littafi murjani ne abincinsu.

Wajen saye, a duba ido garau, fata ba tabo, numfashi a natse, kuma a nemi mai kanti ya ba kifin abinci a gaban mai saye. Da an iso gida, a ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, sa'an nan a riƙa ɗiga ruwan gida cikin na leda sannu a hankali har kusan awa guda. Kada a juye ruwan kanti cikin akwati. Mafi kyau a keɓe sabon kifi a wani ƙaramin akwati dabam har mako 4, domin akwai cutar fararen ɗigo mai yaɗuwa, maganinta kuma akwai tagulla a ciki, ba shi yiwuwa a zuba shi inda murjani yake. A ba su abinci sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin akwati.

Mataki na Huɗu: Murjani

Sa'ad da akwati ya yi wata biyu ko uku, ma'auni kuma ya zauna wuri ɗaya, sai a fara da murjani mai laushi, watau marar ƙashi: mai kama da laimar kwaɗi, da mai kama da jemammiyar fata, da mai kama da koren ciyayi. Waɗannan suna jimre wa ƙarancin haske da ɗan kuskure. Bayan wata shida ana iya gwada mai ƙashi mai manyan baki. Mai rassa irin na Acropora kuwa na ƙwararru ne.

Murjani yana yaƙi da maƙwabcinsa. Wani yakan miƙo dogayen yatsu da dare ya harbi na kusa, wani ya saki sinadari cikin ruwa. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin iri da iri, a tuna kuma za su girma. Sabon murjani a fara ajiye shi a ƙasa inda haske bai yi tsanani ba, a riƙa ɗaga shi sama kaɗan-kaɗan. Ana iya yanko ɗan reshe daga murjanin wani mai kiwo a dasa, ya tsiro kamar yadda ake dashen rogo. Irin wannan ya fi araha, ya saba da zaman akwati, kuma ba a fasa tsaunin teku dominsa ba.

Mataki na Ƙarshe: Furen Teku

Mutane da yawa suna shiga wannan kiwo ne don su ga wawan sarki yana birgima cikin furen teku. Yauƙin jikinsa ne ke kare shi daga harbin furen, shi kuma yana korar masu cin furen. Amma a sani, a cikin akwati kifin ba ya bukatar furen. Zai rayu har ya yi ƙwai ba tare da shi ba.

Furen teku shi ne mafi wuyar riƙo a cikin duk abin da muka ambata. Kada a sa shi sai akwati ya yi wata 6 aƙalla, shekara guda ta fi. Wanda ya fi juriya shi ne Entacmaea quadricolor, mai kumburi a kan yatsu. Lafiyayye bakinsa a rufe yake, ƙafarsa ba tsaga, yatsunsa suna kama hannu, launinsa cikakke. Fari fat majinyaci ne, komai yabon da mai kanti zai yi masa. Furen yana tafiya da ƙafarsa har ya sami inda ya yi masa, yana harbin murjanin da ya tarar a hanya, don haka a rufe bakin famfo da raga kada ya tsotse shi ya niƙa. In ya mutu yakan narke ya ɓata ruwa cikin 'yan awoyi, sai a cire shi nan da nan a canza ruwa. A akwatin da bai kai lita 100 ba, hikima ita ce a haƙura da shi. Ba halitta ce mai gajeren kwana ba: wani furen da Sir John Dalyell ya ɗauko daga gaɓar Sikotilan a 1828 ya rayu a hannun masu kiwo har 1887. Wanda ya mutu cikin wata biyu, riƙo ne ya kashe shi.

Zafi da Wutar Lantarki

Littattafan ƙasashen sanyi sun fi damuwa da ɗumama ruwa. Matsalarmu a nan zafi ne. A Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin bazara yakan haura digiri 40, murjani kuwa in ruwa ya daɗe sama da digiri 30 sai ya fara fari. Wajibi ne a sami ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko injin sanyaya ruwa, ko aƙalla fanka mai hura saman ruwan. Da hunturu kuma a tanadi abin ɗumama ruwa saboda sanyin dare.

In wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa takan ƙare cikin 'yan awoyi. Wanda ba shi da batir mai aiki da hasken rana ko janareta abin dogaro, kada ya fara wannan kiwo. A ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a kusa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki ƙwarai: soket ya kasance sama da inda ruwa zai fallatsa, a kashe wuta kafin a tsoma hannu.

Gargaɗi Game da Lafiya

Wasu murjani masu kama da maɓalli, musamman dangin Palythoa, suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. Yana shiga ta rauni, ta ido, ko ta numfashi. A shekarar 2018, a yankin Oxfordshire na Ingila, an kai mutum 10 asibiti, har da 'yan kwana-kwana, bayan wani iyali sun wanke akwatinsu. A sa safar hannu da tabarau, kada a kankare dutsen akwati a busashe, kada kuma a zuba masa tafasasshen ruwa, domin tururin yana ɗauke da dafin. Wanda ya ji zazzaɓi, tari, ko sarƙewar numfashi bayan taɓa akwati ya tafi asibiti nan take, ya gaya wa likita abin da ya taɓa. A hana yara tsoma hannu.

Doka da Amana

Tsaunukan murjani na duniya suna cikin wahala. Ɗumamar teku ta jawo farin murjani a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, aka kuma sanar da karo na huɗu a watan Afrilu na 2024. Tsakanin 2009 da 2018 duniya ta yi asarar wajen kashi 14 cikin 100 na murjaninta. A wasu wurare masunta sukan fesa gubar sayanayid a kogon dutse don kifi ya suma su kama, gubar ta kashe murjanin wurin, kifin da aka kama ma sau da yawa ya mutu a hannun mai saye.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ta ƙayyade cinikin halittun da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Dukan murjani mai ƙashi yana cikin jerinta na biyu, watau ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da wannan izini. Mai saye ya tambayi ɗan kasuwa takardunsa da asalin kayansa. Mai neman ƙarin bayani kan halittun teku yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Bictoriya Ailan a Legas, wadda aka kafa a 1975.

Wanda ya gaji da kiwo kada ya saki kome a teku ko a lagon. Kifin zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kyautata zaton daga akwatunan gida aka sake shi, daga baya ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifin wurin. A mayar wa mai kanti, ko a ba wani mai kiwo.

Kammalawa

Ga tsarin a taƙaice: mako 4 zuwa 6 na raya ruwa, sai masu shara, sai kifi ɗaya-ɗaya, sai murjani mai laushi a wata na uku, furen teku kuwa bayan wata 6 zuwa shekara, in ma akwatin ya isa. A sami littafi a riƙa rubuta abin da ma'auni ya nuna kowane mako da ranar da aka sa kowace halitta, domin in ɓarna ta auku a san inda ta faro. Dabbar da aka rabo da tekunta aka kulle a gilashi ba ta da wani mai ba ta ruwa da iska da abinci sai mai ita. Wanda ya san ba zai iya riƙe wannan amana ba, ya fara da kifin ruwan daɗi tukuna har hannunsa ya faɗa.